Amsoshin Tambayoyinku: Ina Son Ƙara Kajin Ƙwai A Bayan Gida, Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Ni matar aure ce, ina kiwon kajin ƙwai guda 12 a bayan ɗakina. Na saye su suna gab da fara ƙwai, yau kusan shekara guda ke nan. Alhamdu lillahi, muna ci a gida, ragowar kuma mai shayin unguwarmu yana saye, har yana cewa in ƙaro masa. Yanzu na ɗauki adashi, ina so in mayar da su 50. Shin 'yan tsaki zan saya ko manya? Zan iya zuba sababbin cikin tsofaffin kai tsaye? Kuma gaskiya ne sai da zakara kaza take yin ƙwai sosai, kamar yadda maƙwabciyata take faɗa mini? Daga wata mai karatu a Funtuwa, Jihar Katsina.

AMSA: Allah Ya sanya albarka a wannan sana'a. Wadda ta riƙe kaji 12 shekara guda suna raye suna ƙwai ta riga ta koyi abubuwa da yawa, kuma ga shi kin sami mai saye tun kafin ki ƙara. Sai dai kaji 50 wani kiwo ne daban. Abin da kaji 12 suke yafe wa mai su, kamar cunkoso, ko ƙarewar abinci na yini guda, ko sakaci da rigakafi, kaji 50 ba sa yafewa. Shawarata a dunƙule ita ce, kajin su zama abu na ƙarshe da za ki saya. Ki fara da lissafin abinci, sai ɗaki, sai tsarin lafiya, sannan ki kawo kaji.

Maganar zakara

Wannan ita ce mai sauƙi, bari mu kawar da ita. Kaza tana yin ƙwai ko da ba ta taɓa ganin zakara ba. Aikin zakara shi ne ya sa ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Manyan gidajen gona masu dubban kajin ƙwai ba sa ajiye zakara ko ɗaya. Idan ƙwan ci da na sayarwa kike nema, zakara abinci kawai zai ci miki, ya riƙa fige wa kajin gashin baya. Abin da ke sa kaza ta yi ƙwai sosai shi ne irinta, da abincinta, da ruwa, da haske, da kwanciyar hankali.

Lissafin da za ki yi kafin ki taɓa kuɗin adashin

Kazar ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 na abinci a rana. Kajinki 12 suna cin kusan kilo ɗaya da rabi ke nan, shi ya sa buhu mai kilo 25 yake kai miki fiye da mako biyu. Kaji 50 kuwa kilo 6 za su ci kullum. Buhu ɗaya kwana huɗu zai yi, a wata kuma za ki buƙaci buhu bakwai ko takwas. A kiwon kajin ƙwai abinci ne yake cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake kashewa.

To, me za su ba ki? Idan suna cikin ganiyarsu, kaji 50 za su iya ba ki ƙwai 40 zuwa 45 a rana. Mu ɗauki 40. A kwana huɗun da buhu yake ƙarewa kin tara ƙwai 160, wato kiret biyar da ɗoriya, tunda kiret ƙwai 30 ne. Yanzu sai ki tambayi kuɗin buhun abincin masu ƙwai a kasuwarku yau, ki kwatanta shi da kuɗin kiret biyar a farashin da mai shayi yake ba ki. Abin da ya rage a tsakani, daga cikinsa za ki fitar da kuɗin magani, da rigakafi, da shimfiɗa, da ƙwan da ya fashe, da kuɗin da za ki sayi wasu kajin idan waɗannan sun tsufa. Idan ratar ta yi ƙanƙanta, ki dakata, ko ki nemi mai saye da ya fi daraja.

Ina kuma ba ki shawara kada ki yi tsalle daga 12 zuwa 50 a tashi ɗaya. Ki kawo 20 ko 25 tukuna, ki ajiye ragowar kuɗin domin abincinsu. Bayan wata biyar ko shida, idan kin ga hannunki ya faɗa, sai ki ƙaro kashi na biyu. Amfanin haka biyu ne. Ba za ki wayi gari da kaji masu yunwa babu kuɗin buhu ba, kuma kajinki ba za su tsufa a lokaci ɗaya ƙwai ya yanke miki gaba ɗaya ba.

'Yan tsaki, ko manya, ko kwanci?

Hanya uku ce, kowace da farashinta.

Ta farko, 'yan tsakin kwana ɗaya. Su ne mafi araha a wurin saye, kuma ke za ki san duk abin da suka ci da duk rigakafin da aka yi musu. Amma kazar ƙwai ba ta fara ƙwai sai ta kai mako 18 zuwa 20, kuma kafin nan kowace za ta ci kusan kilo 7. 'Yan tsaki 40 za su cinye buhu goma ko sha ɗaya ke nan kafin ki ga ƙwai ko ɗaya. Ga ɗawainiyar ɗumi: a makon farko suna son zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri 3 kowane mako har su yi gashi. Ko ba ki da ma'aunin zafi, su da kansu za su faɗa miki. Idan kin leƙa da dare kin gan su sun dunƙule a jikin tukunyar gawayi suna tsuwa, sanyi suke ji. Idan sun gudu sun manne da bango suna buɗe baki, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu ko'ina, wasu na ci wasu na barci, to daidai ne. Kuma kada ki toshe ɗakin ruf idan akwai gawayi a ciki, domin iskar gawayi tana kashe su.

Ta biyu, 'yan matan kaji masu mako 14 zuwa 17, waɗanda suka kusa fara ƙwai, irin yadda kika sayi na farko. Sun fi tsada, amma wani ya ɗauke miki wahalar raino, kuma ƙwai ba ya nisa. Haɗarin da ke nan shi ne a sayar miki da tsofaffi a ce 'yan mata ne, ko waɗanda aka yi wa rowar abinci suka tsumbure. Ki je da kanki ko ki aika wanda ya san kaji, a ga ɗakin da suka tashi, a nemi takardar rigakafinsu. Budurwar kaza gashinta sumul yake, ƙafarta da bakinta suna da launin ɗorawa, zankonta bai gama girma ba. Jar kazar ƙwai mai mako 17 ya kamata ta doshi kilo ɗaya da rabi. Wadda ta yi shafal a hannu za ta makara wajen fara ƙwai.

Ta uku, ki bar kaza ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe. Kwana 21 ne, kuma sai da zakara, ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Wannan hanyar ta kajin Hausa ce. Kajin gidan gona ba kasafai suke kwanci ba, kuma 'ya'yansu ba sa kamo iyayen a yawan ƙwai. Ga shi kusan rabin abin da aka ƙyanƙyashe zakaru ne. Ga mai son ƙwan sayarwa, wannan hanya ba za ta kai ta ba.

Tunda ba ki taɓa rainon 'yan tsaki ba, ni zan ce kashin farko ki sayi masu gab da ƙwai daga wurin da kika amince da shi. Kashi na biyu, idan kina so, sai ki gwada raino da 'yan kaɗan.

Game da iri kuwa, jajayen kaji irin su ISA Brown suna iya yin ƙwai kusan 300 a shekara idan sun sami kulawa, amma ba sa jure sakaci. Akwai Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar domin yanayin ƙasarmu, kuma cibiyar tana nan kan hanyarku ta zuwa Zariya. Akwai Noila, mai nama da ƙwai, wadda ta fi juriya kuma takan yi kiwo a tsakar gida, amma ƙwanta bai kai na jajayen ba, cinta kuma ya fi nasu. Kazar Hausa ta fi kowa juriya, sai dai ƙwanta a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba. Tunda mai shayi ne kasuwarki, jajayen ne naki.

Ɗakin da zai ɗauke su

A ƙasa mai zafi irin tamu, kada ki wuce kaji biyar a kowane murabba'in mita. Kaji 50 suna buƙatar ɗaki mai kamar mita 3 a faɗi, mita 4 a tsawo. Ki auna bayan ɗakin naki da igiya tun yanzu. Idan filin bai kai ba, filin ne zai yanke miki yawan kajin, kada ki yi masa gardama. Cunkoso shi ne tushen tsattsagar juna, da wari, da saurin yaɗuwar cuta.

A gina shi tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, domin rana ta bi ta saman rufi, kada ta riƙa shiga ta gefe. Bango ya tsaya a bulo biyu ko uku, sauran a sa waya mai ƙananan ido wadda ɓera da tsuntsaye ba za su ratsa ba. Idan rufin kwano ne, a shimfiɗa masa ciyawa ko zana a sama, domin zafin Maris zuwa Mayu yana rage ƙwai, yana ma kashe kaji. Da hunturu kuma sai a rataya buhuna a gefen da iska ke bugowa, a ɗage su da rana. A daɓe ƙasa da siminti saboda gafiya, a zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri kamar faɗin tafin hannu. Duk inda ya jiƙe a kwashe nan take. Idan kin shiga ɗakin kin ji wari yana yaji a idonki, to ya daɗe yana cutar da numfashin kajin.

Ki tanadi akwatin ƙwai ɗaya ga kowace kaji huɗu ko biyar, a lungu mai ɗan duhu, da sandar kwana wadda kowace za ta sami kamar taƙi guda. Mazubin abinci da na ruwa su wadata yadda mai rauni ma za ta ci ba tare da an kore ta ba. Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na abin da take ci, da bazara kuma fiye da haka. Yini guda babu ruwa yana iya karya ƙwai na kwanaki. Haske kuma, mai ƙwai tana son kamar awa 16 a rana. Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana da za ta ƙara musu awa uku ko huɗu bayan magariba ta wadatar, muddin ba a yi mata yau-akwai-gobe-babu ba.

Ki tuna da maƙwabta. Kashin kaji 50 yana tara ƙuda idan ya jiƙe. Ki riƙa kwashe shi a busasshe cikin buhu. Manoman masara da 'yan lambu suna sayensa, wani kuɗin ne kuma.

Kada ki zuba sababbi cikin tsofaffi

A nan ne mutane da yawa suke yin asarar da ba sa mantawa. Kaza tana iya zuwa da cuta a jikinta alhali tana ci tana sha kamar lafiya lau. Saboda haka duk kazar da ta shigo gidanki, ki killace ta a wani wuri daban, nesa da tsofaffin gwargwadon iko, na mako uku zuwa huɗu. Mazubansu daban, tsintsiyarsu daban. Kullum ki fara hidimar kajinki na gida, sannan ki je wurin baƙin, ki wanke hannu, ki sauya takalmi. A cikin waɗannan makonni ki sa ido a kan atishawa, da kumburin fuska, da kashi fari ko kore ko mai jini, da wadda ta ware gefe ta saki fukafukai. Ki ɗaga fiffike ki duba ƙuma da ƙwarƙwata. Kuma ki yi haƙuri, kada ki sayo kazar kiwo daga kasuwar kaji, inda kaji daga garuruwa goma suke kwana a keji ɗaya.

Cutar da ta fi share kaji a ƙasar Hausa ita ce Niyukasul, wadda takan yi ƙamari da hunturu. Za ki ga kashi kore, da wahalar numfashi, wasu wuyansu ya murɗe. Ba ta da magani, rigakafi kawai gare ta. Ga Gumboro mai kama 'yan tsaki, ga ƙurajen fuska, ga kashin jini da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa take haddasawa. Ga kuma murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a Jihar Kaduna cikin watan Fabrairun 2006, kuma tun daga nan takan dawo lokaci zuwa lokaci. Idan kika ga kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada ki yanka, kada ki sayar, kada yara su taɓa. Ki sanar da ofishin likitan dabbobi.

Cibiyar NVRI da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin kaji, ciki har da na Niyukasul, kuma ana samunsu a shagunan magungunan dabbobi. Masu ƙwai ana maimaita musu Lasota, wato rigakafin Niyukasul, duk wata biyu zuwa uku. Rigakafin yana mutuwa idan ya sha zafi, don haka ki saye shi inda ake ajiye shi a firji, ki kawo shi gida cikin ƙanƙara, ki haɗa da ruwan da ba shi da sinadarin kulorin, su shanye cikin awa biyu. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Ki samu likitan dabbobi ko malamin dabbobi ɗaya ya rubuta miki jadawali, ki manna shi a ƙofar ɗakin. Idan kuma an ba kaji maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki tambayi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwansu ko a sayar. Wannan amana ce tsakaninki da masu cin ƙwanki.

Idan kina da agwagi, ko zabi, ko kajin Hausa masu yawo a unguwa, kada su haɗa mazubi ko ɗaki da masu ƙwai.

Idan lokacin haɗawa ya yi

Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kuma baƙuwa sai ta sha tsattsaga kafin ta sami matsayi. Kada ki haɗa su sai girmansu ya yi kusa, wato sababbin sun kai mako 16 zuwa 18. Akwai dalilin abinci ma: abincin masu ƙwai yana da sinadarin kalsiyam mai yawa saboda ɓawon ƙwai, kuma yana lalata ƙodar ƙananan kaji. 'Yan tsaki da nasu abincin har mako 8, masu tasowa da nasu har su kusa ƙwai.

Ki raba ɗakin da waya na mako guda, suna ganin juna ba sa taɓa juna. Daga nan sai ki cire wayar da dare bayan sun kwanta. Ki ƙara mazubai a kusurwa daban-daban, ki rataya musu ganyen zogale ko alayyafo su shagala da shi. Ɗan kora da ɗan tsattsaga na kwana biyu zuwa mako ba abin damuwa ba ne. Amma da zarar kin ga jini, ki ɗauke mai raunin nan take, domin kaji idan suka ga ja ba sa bari.

Sai dai akwai abin da nake so ki duba game da naki 12 ɗin. Kin saye su suna gab da ƙwai shekara guda da ta wuce, yanzu sun doshi mako 70 ke nan. Daga mako 72 zuwa 80 ƙwan irin waɗannan kaji yakan ja baya, ɓawonsa ya yi laushi, ci kuwa bai ragu ba. Ki kama kowace ki gwada: a ƙasan cikinta, gefen mafitar ƙwai, akwai ƙasusuwa biyu masu tsini. Idan yatsu biyu ko uku suka shiga tsakaninsu, zankonta ja ne mai taushi, to tana ƙwai. Idan yatsa ɗaya ne da ƙyar, zankon ya ƙanƙance ya koɗe, ta daina. Wataƙila ma ba sai kin haɗa su da sababbin ba. Ki bar su a tsohon akurkinsu suna riƙe miki mai shayi har sababbin su kama ƙwai, sannan ki sayar da su gab da Sallah lokacin da kaza take daraja, kuɗin ya shiga abinci. Sai ki wanke akurkin, ki fesa magani, ki bar shi mako biyu babu kowa. Ya zama wurin killace baƙi na gaba.

Kasuwa da littafi

Mai shayi ɗaya ba zai shanye kiret da ɗoriya kullum ba, kuma ranar da ya yi tafiya ƙwai ba zai jira shi ba, musamman da zafi. Tun kafin kajin su fara, ki nemi mutum uku ko huɗu: mai kanti, mai yin kek da cincin, maƙwabta masu ɗaukar rabin kiret. Ki yi hattara da bashi, domin mai sayar da abincin kaji ba zai karɓi alkawari ba. Ki riƙa kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, ki jera shi tsininsa yana ƙasa, a wuri mai sanyi.

Kuna yankin masara, kuma da kaka takan yi sauƙi, don haka za a ba ki shawarar haɗa abinci da kanki. Ana yi, kuma yana rage kuɗi, amma sai da ma'auni daga masani da sikeli. Dusa da tsaki kaɗai ba sa ba da ƙwai. Ki fara da abincin buhu har ki san abin da kajinki suke iya yi.

A ƙarshe, ki sayi littafi na musamman. Kullum ki rubuta ƙwai nawa aka kwasa, abinci nawa aka zuba, nawa aka kashe, nawa ya shigo. Shi zai fara gaya miki akwai matsala kafin idonki ya gani, kuma shi zai gaya miki ko lokacin ƙaro kashi na biyu ya yi. Malama, ki auna fili a wannan makon, ki yi lissafin buhu da kiret, ki ware kuɗin abincin wata biyu a gefe, sannan ki je neman kaji. Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare miki su.